Kiɗa Mai Nauyi: Sharhi a Kan Faya-fayai Huɗu da Kunnen Mutumin Ɗansoshiya

Gabatarwa

Na san akwai 'yan'uwa marubuta waɗanda da zarar sun ga kan wannan sharhi za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya haɗa mujallar adabin Hausa da kiɗan wasu Turawa masu dogon gashi da baƙaƙen riguna, waɗanda ko a ƙasashensu ma ba kowa ke iya zama ya saurare su ba? Tambayar tana kan hanya. Sai dai ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni zuwa ƙarshe, domin kuwa haƙurin shi ne ma jigon abin da nake son faɗa.

Ni mutumin Ɗansoshiya ne, a ƙaramar hukumar Kiru. Da muna yara, idan an gama kawar da amfanin gona, hunturu ya kankama, akan yi daren da ba a barci sosai a garinmu, wato daren da mafarauta za su wayi gari su shiga daji. Makaɗinsu yakan zauna a bakin gari ya kama take ɗaya tak, ya yi ta nanata shi ba gaggawa, tun kana jin sa a kunne har ka koma jin sa a ƙirji. Can sai ka ga wani ƙato ya miƙe jikinsa na rawa, ya tsuma, ya fara kirari. Akwai kuma wani tsohon maharbi da yake da komo, wato babbar garayar nan mai tsirkiya biyu, wanda idan ya kaɗa da daddare sai ka rantse daga ƙarƙashin ƙasa sautin yake fitowa. Ba a rawar nishaɗi da irin wannan kiɗa. Kiɗa ne na mutanen da suka san cewa gobe wani zai iya shiga daji bai dawo ba.

Da wannan kunne na fara jin kiɗan da zan yi sharhi a kansa. Wata rana na shiga mota a Kwanar Ɗangora zan tafi Jos. Mun wuce Tudun Wada, mun shiga dajin Falgore da almuru, mota ta yi tsit kamar yadda matafiya sukan yi a wannan wuri, sai wani ɗalibi da ke kusa da ni ya miƙo mini bakin iyafis ɗinsa guda. Abin da na fara ji shi ne ruwan sama da tsawa da ƙararrawa tana bugawa daga nesa. Sannan sai sauti uku na jita suka faɗo, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suka koma suka sake faɗowa. Tsigar jikina ta tashi. Ban fahimci Turancin mawaƙin ba a lokacin, amma na ce a raina, wannan ai take ne.

Asalin Kiɗan

Turawa suna kiran babban gidan wannan kiɗa da sunan metal, wato ƙarfe. A cikin gidan akwai ɗakuna da yawa, wasu masu gudu kamar an koro su. Ɗakin da nake magana a kansa shi ne wanda suke kira dum, kalmar da ke nufin halaka ko ajalin da ba makawa. Alamominsa su ne tafiyar hawainiya, da sassauta tsirkiyar jita don sautinta ya yi ƙasa ya yi kauri, da nanata gaɓar kiɗa guda, da kuma jigogin mutuwa, kaɗaici da nadama. Gaɓar da ake nanatawa ita ce na kira take, domin aikinsu ɗaya da taken makaɗan maza: ita ce ke riƙe waƙar, kamar yadda gindin waƙa ke riƙe ɗiyanta a nazarin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana.

An haifi kiɗan a Bamingam, birnin masana'antu na Ingila. Wani saurayi mai suna Tony Iommi, yana ɗan shekara 17, injin matse ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a ranar da zai bar aiki. Da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Maimakon ya bar jita, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta su. Sassautawar ta rage masa zafi, ta kuma ƙara wa sautin duhu. Ashe wani hani ga Allah baiwa ne. Wannan labari ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, wanda ya san cewa maƙera ma suna da nasu kiɗan na dundufa, kuma mutanen Riruwai da suka haƙi kuza sun san yadda ƙarfe ke cin jikin mai nemansa.

Faifai na Farko: Black Sabbath, 1970

Abin da ɗalibin nan ya jiyar da ni a Falgore shi ne waƙar farko a faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath, wanda ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970. Su huɗu ne: Iommi da jita, Geezer Butler da babbar jita, Bill Ward da ganguna, sai Ozzy Osbourne mai rerawa, wanda ya rasu a watan Yuli na 2025, makonni kaɗan bayan wasansu na bankwana a Bamingam. Sun ɗauki faifan kusan a yini guda, kuma ana jin hakan a cikinsa: babu kwalliya, babu gyare-gyare.

Azancin waƙar farkon yana cikin ƙarancin kayanta. Sauti uku ne kawai, na ukun kuma an zaɓo shi ne don ya ƙi zama lafiya da na farko, ta yadda kunne zai yi ta jiran a sauke shi amma ba a sauke shi ba. Tsakanin bugu da bugu akwai fili, a cikin filin nan tsoro yake zaune. Muryar Osbourne ba ta gwanin mawaƙi ba ce, murya ce ta mutumin da ya ga abin da bai so gani ba. Sai can kusa da ƙarshe kiɗan ya zabura da gudu, kuma gudun ya yi tasiri ne saboda an daɗe ana jan ƙafa.

Aibin faifan yana ɓangarensa na biyu, inda Iommi ya saki jita ta yi ta yawo na tsawon mintuna ba tare da taken da zai riƙe ta ba. A nan nauyin ya zube. Wannan ya nuna mini tun farko cewa tsawo daban, nauyi daban. A faifansu na uku, Master of Reality na 1971, sun gyara wannan: sun ƙara sassauta tsirkiya, sun rage yawo, kowane take ya tsaya da ƙafarsa.

Faifai na Biyu: Candlemass, 1986

Shekara 16 bayan haka, wasu samari a Sitokhom ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Leif Edling, suka fitar da Epicus Doomicus Metallicus, mai waƙoƙi shida. Idan faifan Black Sabbath kiɗan bakin gari ne, wannan kiɗan fada ne. Gangunansa suna sauka kamar tambari, jitarsa tana jan sauti kamar kakaki a ƙofar sarki, mai rerawa kuma, Johan Längqvist, yana da murya mai faɗi wadda ke hawa sama ba tare da ta karye ba. Waƙar farko, Solitude, wato kaɗaici, ta fara da jita marar lantarki a hankali kafin nauyin ya rufto, kuma wannan saɓani na taushi da ƙarfi shi ne mafi kyawun abin da ke faifan.

Inda na saɓa da masoyan faifan shi ne wajen jigo. Da yawa daga waƙoƙinsa sun koma kan matsafa da aljanu da ƙofofin duhu, irin na tatsuniya. Tsoron aro ne. Kwatanta shi da Muhammadu Bawa Ɗan Anace idan yana waƙar Shago: shi ma yakan cika waƙarsa da mutuwa da kabari, amma mutuwar tasa tana tsaye a fagen dambe, da hannu a naɗe, kuma abokin karawar mutum ne mai uwa da uba. Haka Kassu Zurmi da mazajen farauta da tauri. Wanda ya taso da jin waɗannan, dodon Candlemass ba zai hana shi barci ba. Zubi da tsarin faifan sun kai matuƙa, amma jigonsa bai kai nauyin kiɗansa ba.

Faifai na Uku: Warning, 2006

Ƙungiyar Warning ta Ingila ta gyara wannan kuskure a faifanta Watching from a Distance, wato kallo daga nesa. Waƙoƙi biyar ne, kusan minti 50. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Jagoransu, Patrick Walker, ya ɗauki kiɗan da aka saba tsoratarwa da shi ya ɗora masa bege da kewa: mutum yana kallon wanda yake so, ya san ba zai kai gare shi ba. Muryarsa siririya ce, tana fita ta hanci, kalmominsa a sarari, ba ihu ba gurnani. Gangar tana tafiya a hankali har sai ka ja numfashi ka sauke tsakanin bugu biyu.

Wannan faifai ne ya kamata marubutanmu na soyayya su lura da shi, domin jigonsa nasu ne. Bambancin shi ne Walker ba ya gaggawar kai mu ga ɗaurin aure ko ga rabuwa. Yakan tsaya a kan ji guda ɗaya, ya juya shi ta nan ya juya shi ta can, har sai mai sauraro ya tuna nasa. Aibinsa kuwa shi ne waƙoƙin biyar duk tafiyarsu ɗaya, babu inda aka buɗe taga iska ta shigo. Wani lokaci ma kukan yakan koma tausayin kai, wanda ke gajiyar da mai sauraro. Ko zaman makoki akan sami wanda zai faɗi abin da za a murmusa.

Faifai na Huɗu: Bell Witch, 2017

Wanda ya fi su duka a wurina shi ne Mirror Reaper na ƙungiyar Bell Witch daga birnin Siyatul na Amurka. Mutum biyu ne kawai: Dylan Desmond da babbar jita mai tsirkiya shida, da Jesse Shreibman da ganguna da wani nau'in fiyano mai jan sauti. Faifan waƙa ɗaya ce tak, tsawonta minti 83. Suna cikin shirya ta ne a 2016 sai Adrian Guerra, wanda da shi aka kafa ƙungiyar kuma shi ne makaɗin gangarta na farko, ya rasu.

Rabin farko yana tafe kamar masu ɗauke da makara. Ana bugu ɗaya, a bar shi ya mutu da kansa kafin a kawo na gaba. Taken yana dawowa, amma kowace dawowa da ɗan abin da ya sauya, kamar yadda mai rashi yakan tashi kowace safiya da baƙin ciki ɗaya amma ba iri ɗaya ba. Wajen tsakiya sai suka yi abin da ya sa na ajiye duk abin da ke hannuna: suka sanya muryar marigayin, daga abin da ya rera a lokacin ɗaukar faifansu na 2015 ba a yi amfani da shi ba. Mamaci yana rerawa tare da masu makokinsa. Bayan nan nauyin ya janye, aka bar sauti siriri da murya mai sanyi ta wani baƙon mawaƙi, Erik Moggridge, na tsawon lokaci, kafin nauyin ya komo sau ɗaya ya tafi.

Abin lura shi ne wurin da ya fi nauyi a faifan shi ne wurin da ya fi shiru. Da an ɗauko wannan gaɓa ita kaɗai an jiyar da mutum, ba za ta yi masa komai ba. Mintunan da aka yi ana jan sa su ne suka ba ta ƙarfi. Aibin faifan kuwa a bayyane yake: ba ya karɓar rabin hankali. Wanda zai saurare shi yana hira ko yana duba waya, gara ya bari.

Wani Hanzari

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, a gidan metal akwai ɗakunan da ban shiga ba kuma ba na ba da shawarar a shiga. Akwai masu yabon shaye-shaye, akwai masu wasa da alamomin tsafi don neman suna, akwai ma waɗanda a ƙasar Nowe, a farkon shekarun 1990, suka kai ga ƙona majami'u. Haka kuma hukuncin sauraron kiɗa magana ce ta malamai, ba ta mai sharhin adabi ba, kuma kowa ya san inda yake ɗaukar karatunsa. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Butler, wanda ya rubuta yawancin waƙoƙin Black Sabbath, ya tashi a gidan masu riƙo da addinin Kirista, kuma waƙoƙinsa sun fi karkata ga gargaɗi: War Pigs ta 1970 suka ce ga masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi. Mu ma muna da makaɗan da suka yi wa ɓarayi waƙa, ba mu kuma jefar da kalangu saboda su ba.

Hasali ma, tsayawa a kan mutuwa ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Duk wanda ya taɓa jin makaho yana rera Infiraji ta Aliyu Namangi a ƙofar gida, da karin nan nata mai tafiya sannu, baiti yana bin baiti a kan ƙarewar duniya da kwanciyar kabari, ya san abin da nake nufi da nauyi, ko da bai taɓa ganin jita ba.

Abin da Marubuci Zai Ɗauka

Ga dalilin da ya sa na kawo wannan magana cikin mujallar marubuta. Shekarar da yayana ya rasu, bayan an yi sadakar bakwai jama'a sun watse, na zauna na rubuta gajeren labari a kan rashin. Da na karanta sai na ga na kashe shi na binne shi na share hawaye duk a sakin layi ɗaya, na wuce zuwa rabon gado, domin a can nake ganin labari yake. Haka na koya daga ɗimbin littattafan da na karanta: mota ta yi karo, an yi salati, an kai shi makwancinsa, babi na gaba. Addu'a ita ce ta sanyaya mini zuciya, ba faifai ba. Amma faifan Bell Witch ne ya nuna mini abin da ya ɓace a rubutuna. Na koma na ba wa dare ɗaya shafi shida: takalminsa a bakin ƙofa, wayarsa da ta yi ƙara ba wanda ya iya ɗauka, mahaifiyarmu tana zuba tuwo a kwanonsa kafin ta tuna. Ban ƙara kalmar kuka ko ɗaya ba, amma a nan ne waɗanda suka karanta suka yi shiru.

Saboda haka nake cewa 'yan'uwa masu tasowa, nauyi ba ƙara ba ne. Yawan alamar motsin rai da yawan suma da yawan gawa ba sa sanya labari ya yi nauyi, kamar yadda ƙure lasifika ba ya mayar da kiɗan biki ya zama na farauta. Abin da ke kawo shi shi ne marubuci ya sami takensa, wato hoto ɗaya ko jimla ɗaya da za ta riƙe labarin, ya yarda ya dawo gare ta sau da yawa, kowace dawowa da ɗan sauyi. Ya kuma bar fili tsakanin bugu da bugu, ya amince cewa mai karatu zai cike shi da abin da ke ransa. Wannan yana da wuya a yau, da ake rubuta labari babi-babi a waya, masu karatu suna jiran ci gaba kowane dare, marubuci yana tsoron idan ya tsaya za a bar shi. To amma makaɗin farautar garinmu bai taɓa sauya take don yara sun ƙosa ba. Ya san wanda yake kira, ya kuma san zai taso.

Kammalawa

Makaɗin nan ya rasu, 'ya'yansa ba su gaji gangar ba. Tsohon mai komo ma ya tafi, ban kuma san wanda ya ɗauki sautinsa ko a kaset ba. Dajin Ɗansoshiya kansa ya sauya, gonaki sun ci gefensa, a 2020 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya a cikinsa. Waƙoƙin da suka cika wayoyin samarinmu yawancinsu na fiyano ne masu sauri, suna da nasu daɗin, amma ba a tsuma da su. A birnin Lome na Togo kuwa, wata ƙungiya mai suna Arka'n Asrafokor ta haɗa gangunan gargajiyar ƙasarsu da jitar metal ta fitar da faifai a 2019. Ban ce lallai mu bi sawunsu ba. Abin da nake cewa shi ne, abin da na je nema har Bamingam da Siyatul, a bakin garinmu na fara jin sa, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da suke riƙe da sauransa. Ya kamata mu je da na'urar ɗaukar magana da littafin rubutu tun suna raye, mu zauna, mu yi haƙuri har taken ya kai ƙarshe.

Wanda yake son gwada faya-fayan nan, ya fara da waƙar farko ta Black Sabbath, ya ƙare da Bell Witch, da daddare, shi kaɗai. Wanda kuma ba ya so, ya nemi Ɗan Anace ko Infiraji, darasin ɗaya ne. Ina maraba da raddi daga duk wanda ya ga na kauce. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa alƙalumanmu su yi nauyi.